Na goge sunan Yaya Haruna na sa nawa

Salamu alaikum Admin da jama'ar shafi. A ɓoye sunana don Allah. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, ni ma ban zo wanke kaina ba.

Sati biyu da suka wuce ina zaune a wani ofishi a Khartum, matar da ke kula da shirin da zai kai ni ƙasar waje, wadda muke ce wa Ustaza, ta turo min fasfona a kan tebur da biza a ciki. Ta ce mabruk, wato barka. Sai ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ya rage. Ranar Juma'a za mu zo hillarku da mai kyamara mu ga nafir ɗin naka da idonmu. Mutanen can suna so su nuna wa sauran matasan kafin ka isa." Na ce tamam, ba matsala. Har murmushi na yi mata. Na sauko na taka zuwa tashar mota ta Suk al-Arabi, na hau motar Omdurman, muka haye gada ina kallon ruwa, ina jiran gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Abu ɗaya kawai ke yawo a kaina: ni ban taɓa kiran nafir ba tunda aka haife ni. Shebur ma ban san rabona da shi ba.

Ku yi haƙuri da Hausata, ta Sudan ce, Larabci ya cinye rabinta, rubuta ta ma a irin wannan shafin naku na koya. Bari in koma baya ku gane.

Ni ɗan yammacin Omdurman ne, can bayan Kasuwar Libiya. Iyayenmu daga Jazira suka taso, aikin gonar auduga suka yi har ƙarfinsu ya ƙare, sannan suka gangaro birni. Makaranta a aji bakwai na ajiye ta. Ba wanda ya cire ni, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Na yi kwandasta, na yi gidan burodi, na bi wani mai walda, ko'ina wata biyu ko uku sai in ji kamar an ɗaure min wuya. Yanzu ina da ɗan tebur na gyaran waya a Kasuwar Libiya, shi ne ya fi daɗewa a hannuna. Ɗan Turancin da nake ji ma a bidiyon gyaran waya na tsince shi. Tun ina yaro abin da nake so ɗaya ne, in fita. In ka tambaye ni ina, ban sani ba. In dai fita.

Nafir shi ne abin da kakanninmu ke ce wa gayya. Hillarmu, unguwarmu ke nan, a gangare take, gidajen kuma na laka ne. In damina ta zo ruwa yana taruwa a babban filin da ke sama, inda ake buga ƙwallo, an tare shi da tudun ƙasa don kada ya kwararo cikin gidaje. Daga nan akwai magudana guda ɗaya da ta ratsa tsakiyar hilla ta gangara har hor, wato babban kwazazzabon da ke kwashe ruwa. Kowace shekara magudanar nan tana cikewa da yashi da leda da duk abin da kuka sani, sai maza su fito a yashe ta. Wanda ke kiran wannan aikin shekara shida ke nan shi ne ɗan yayan babana. Zan ce masa Haruna, ba sunansa ba ne. Ya girme ni da shekara huɗu, raksha yake ja, wato keke mai ƙafa uku. Shi ba ya shela a masallaci, ba ya tura saƙo. Bayan sallar asuba zai ɗauko shebur biyu ya zo ƙofar gidanka ya yi sallama, in ka fito ya gaishe ka ya tambayi yara, ya tsaya. Ba zai ce maka komai a kan aiki ba. Kai da kanka za ka ji nauyi ka karɓi ɗayan. Sai ya koma ya ɗauko wani ya nufi ƙofa ta gaba. Kuma ba a ɗaukarsa hoto. Babansa, Allah ya jiƙansa, ya ce aikin da aka nuna wa mutane ladansa ya tafi, shi kuma ya riƙe maganar. Da ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya ya sunkuya cikin laka.

Ni kuwa aikina a nafir shi ne zuwa da waya. In tsaya a bakin magudana da riga mai tsabta, in ɗaga hannu in ɗauki fuskata, mutane suna bayana suna haƙa. In sa a shafina in rubuta matasan hilla a bakin aiki. Haruna in ya hango ni sai ya ce, "Jama'a ku kwantar da hankali, injiniya ya iso, yau ruwa zai ji tsoro." Ko ya ɗago shebur ya ce, "Ɗauki hoton wannan da kyau ya zol, mutumina, ko ka gane shi in kun haɗu a hanya." A yi ta dariya, ni ma in yi. Ƙofar gidanmu ya daina zuwa da shebur tun da daɗewa, ya ce ba ya ɓata tafiya.

Wata biyar da suka wuce wani fasinja ya ba shi labarin shirin. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje, suna ɗaukar matasan da ke jagorantar aikin sa kai a unguwanninsu, a kai mutum wata ƙasa ya yi wata uku yana aiki da 'yan sa kai na can, nasu ma su zo nan. In ka dawo su taimaka maka da kayan aiki na abin da ka ce unguwarku na buƙata. Ba sa neman takardar jami'a. Haruna ya zo teburina da adireshin a rubuce a bayan kwalin shayi, ya ce, "Injiniya, yau ranarka ce. Cike min wannan. Ni Turai ba ta dame ni ba, sanyi ne da naman alade. Amma in za su ba mu injin tsotse ruwa, ko wuta ce zan shiga." Ƙarya yake, ta dame shi. Na ga yadda yake shafa kwalin nan.

Kwana uku muna zama wurin mai shayi bayan la'asar, ina karanta masa tambaya da Larabci, yana ba da amsa, ina juyawa zuwa Turanci da taimakon waya ina gyarawa. Wallahi ban taɓa sanin Haruna ya iya magana haka ba. Aka ce yaya kake shawo kan mutane su fito, ya ce, "Rubuta: ban taɓa ce wa mutum ya fito ba, ina dai tsayawa a ƙofarsa da shebur biyu." Aka ce me ka koya a aikin, ya ce, "Rubuta: magudana daga ƙasa ake fara yashe ta, inda ruwa zai fita. Sai an gama tsaf a zo a fasa tudun sama. Wanda ya fara daga sama ya aika ruwa gidan mutumin ƙarshe ne." Duk na rubuta. Da muka gama ya ce saura me, na ce saura hotuna da ɗan bidiyo, ka bar min, zan tura. Ya dafa kaina ya tafi neman fasinja.

Washegari da rana an ɗauke wuta a kasuwa, ba ciniki, na buɗe hotunan nafir na shekara shida ina neman nasa. Babu. Duk hoton da na buɗe fuskata ce a gaba, babba, tana murmushi, shi kuma baya ne kawai da wuyan riga a can cikin rami. Duk wanda ya ga hotunan nan ya karanta amsoshin nan, wa zai ce shi ne shugaba? Na koma shafin farko. Mu nan suna huɗu ake rubutawa, naka da na uba da na kaka da na uban kaka. Biyun ƙarshe namu ɗaya ne da shi. Biyu kawai na goge. Na sa lambata, na sa hoton katin shaidata, na danna. Na ce wa kaina ai ba ɗauka za su yi ba, na ce gobe zan sake cike wani da sunansa in tura. Goben ta zo, na gyara waya uku, na ci wake da burodi, na koma gida. Ban tura ba. Ba wai na zauna na yanke shawara ba ne. Kawai ban tura ba, har aka rufe.

Suka kira ni hira ta bidiyo. Na haddace maganganunsa kamar karatun allo, na zuba musu, har da ɗan shirun da yake yi kafin ya ce shebur biyu. Baturiyar da ke yi min tambayoyin ta dafa ƙirji. Da sakamako ya fito Haruna ya tsaya da raksharsa a bakin layinmu, bai ko kashe inji ba, ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, mutanen naka sun yi magana?" Na ce, "Sun yi. Ba su ɗauke ka ba." Ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Dama da ganin tambayoyin na 'yan jami'a ne." Ya ja ya tafi. A gida kuma na ce na samu kwas ne na gyaran waya a waje, wata uku. Ummata ta yi guɗa. Haruna da kansa ya kai ni inda ake hoton fasfo, yana ta tsokanata wai in rufe baki kada su ga haƙoran Omdurman su fasa.

To kun ji inda nake ranar da Ustaza ta ce za su zo.

Na fara gwadawa da kaina. A guruf ɗin samarin hilla na rubuta cewa Juma'a akwai nafir, kowa ya fito. Mutum ɗaya ya turo fuskar dariya, wani ya ce an sace wayar injiniya ne? Shi ke nan. Sai na je wurin Haruna. An yi ruwa mai yawa a satin, filin sama ya cika har ya fara wari. Na ce masa wasu baƙi daga wata ƙungiya suna so su ga aikin, wataƙila su taimaka da inji. Ya ce, "Dama Juma'ar nan za mu buɗe. Su zo, ido ba ya rage laka. Amma ka gaya musu ban da fuskata."

Ranar Juma'a ya bi ƙofofi kamar kullum. Kafin rana ta ɗaga maza sun fi ashirin a bakin fili da shebur da fartanya da buhuna, ana shirin gangarawa ƙasa inda ake farawa. Ƙasan nan, gida na ƙarshe kafin hor, gidan su Haruna ne. A bayan gidan ya gina sabon ɗaki da hannunsa, bulon laka ɗaya-ɗaya bayan ya tashi aiki, don bayan Babbar Sallah za a kawo masa amarya.

Sai ga farar mota. Ustaza ta fito, da mai kyamara, da wata Baturiya da hula. Aka gaisa, aka kawo musu ruwa. Ustaza ta ce tana so ta yi wa jama'a godiya. Ta tsaya a gaban kowa ta dafa kafaɗata, ta ce da Larabci mai kyau irin na rediyo, "Mun zo ne saboda wannan matashin naku da zai wakilci Sudan. A cikin takardun da muka karanta babu wadda ta taɓa mu kamar tasa. Ya rubuta mana cewa: ban taɓa ce wa mutum ya fito ba, ina dai tsayawa a ƙofarsa da shebur biyu."

Duk wanda ke wurin, shebur ɗin da ke hannunsa ya san wa ya kawo masa shi da asuba. Ammu Adam, dattijon da ke zama a sahun farko, ya yi tari ya gyara rawaninsa. Haruna yana can gefe, ya sosa bayan kunne, ya kalli ƙafarsa. Ni kuma ina tsaye hannun matar nan a kafaɗata, abin da na lura da shi shi ne wani ƙuda da ke kan hular Baturiyar. Ku da ba ku san mu ba za ku ce me ya hana wani ya ce ƙarya ne? A hillarmu ba a kunyata na gida a gaban baƙo. Ko sata ka yi, sai an raka baƙo ya hau mota tukuna. Iyayenmu sun yi zaman da kowa ke jiran ya ga aibinsu, da wannan suka rene mu. Sai wani ya fara tafi, sauran suka bi.

Mai kyamara ya duba sama ya ce rana za ta ɓata masa hoto, kuma suna da wani wurin kafin sallah. Ya juyo gare ni ya ce, "Ya Ra'is, daga ina za a fara? Ina son in ɗauki ruwan yana gudu." Ra'is, wato shugaba. Kowa ya kalle ni.

Za ku ce ban sani ba ne? Na sani. Da yatsana na rubuta cewa daga ƙasa ake farawa. Amma a wurina magana ce mai daɗi da ake faɗa wa Turawa, ban taɓa tsayawa na ga ruwa ya shiga gidan mutum ba, lokacin da ake wannan ina wani wurin. Ƙasan kuma da nisa, da wari, da kashin yara, ta yaya zan ja Baturiya can ta jira awa uku? Tudun kuma ga shi a gabanmu, ruwa ya kwanta a bayansa yana ƙyalli. Na miƙa hannu na ce, "Daga nan."

Ammu Adam ya buɗe baki, ya kalli baƙin, ya rufe. Haruna ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun da matar ta yi magana. Ba harara ba ce. Irin kallon da yake wa taya in yana so ya gane ko za ta kai shi gida. Sai ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ra'is ya ce daga nan." Ya matsa kusa da wasu samari shida ya yi musu magana ƙasa-ƙasa, suka zame suka ruga gangare da shebur. Shi kuma ya hau tudun ya kafa shebur na farko, bayansa ga kyamara. Yana jan aikin a hankali, na gane daga baya lokaci yake saya wa na ƙasa. Amma tudun ya riga ya jiƙe, bai jira kowa ba. Ya ɓalle, ruwa ya kwararo da ƙara, Baturiyar ta yi ihun murna, mai kyamara ya danƙa min shebur ya ce in ɗaga sama. Na ɗaga.

Suka sha gahawa a inuwar darbejiya, suka yaba, suka tafi kafin azahar. Ni na raka su mota. Lokacin da na dawo filin ba kowa, duk sun gangara. Ruwan ya riga samarin isa. Ya tarar da bakin magudana a toshe, ya juya ya shiga tsakar gidan su Haruna, ya kwanta a gindin sabon ɗakin har gwiwa. Sai bayan la'asar suka samu suka buɗe masa hanya. Ranar mutane da yawa sun rasa Juma'a. Ginin laka in ya sha ruwa daga ƙasa ba ya faɗuwa nan take, yana jira. Ranar Lahadi da hantsi bangon baya ya zauna, rufin ya biyo shi. Ba kowa a ciki, alhamdu lillahi.

Na je na gani. Ina so in ce muku na yi kuka. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon ƙofar da ya shafa wa shuɗin fenti tana tsaye ita kaɗai ba bango, kamar a waya nake kallon abin, kamar in na ja yatsa zai wuce wani ya zo.

Ranar da aka tashi kwashe ɓaraguzan ba wanda ya kira nafir, mutane da kansu suka zo. Ni ma na ari shebur a maƙwabta na je. Ina shiga Ammu Adam ya ɗago ya ce, "A'a, a'a. A kawo wa Ra'is kujera." Na ce Ammu aiki na zo. Ya ce, "Ra'is ba ya taɓa laka, ya waladi, ɗana. Ra'is nunawa yake yi. Zauna ka nuna mana." Aka karɓi shebur ɗin daga hannuna, ba da faɗa ba, a hankali. Aka ajiye farar kujerar roba a tsakiyar gida. Kun san abin da na yi? Na zauna. Awa biyu ina zaune suna wucewa ta gabana da kwanon ƙasa a ka, ba mai kallona. Hajja, mahaifiyar Haruna, ta kawo min shayi kamar yadda take kawo min tun ina yaro, ta ce, "Sha, ɗana." Na shanye. Har na ji sukari ya yi kaɗan. Wane irin mutum ne ke lura da sukari a irin wannan wurin?

Daga ranar sunana Ra'is a hilla. Mai kanti, masu ƙwallo, har mata ta bayan katanga. Ummata ta daina fita, ko makoki aka yi sai ta ce ƙafa. Tana dai ta daka busasshiyar kuɓewa tana ƙulla min a leda, wai can ba su da ita.

Shekaranjiya da safe ina tafiya bakin titi, raksha ta tsaya a gefena. Haruna ne. Ya ce, "Hau." Na hau baya. Muka yi nisa. Wajen gidan mai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kai ma ka nema ke nan." Na ce eh. Ya ce, "Ka kwafi nawa." Na ce eh. "Duka?" Na ce duka. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce, "To ka gani. Ni duk watannin nan na ɗauka maganar tawa ce ba ta yi musu ba, ina ta cewa da na faɗa kaza, da na faɗa kaza. Ashe maganar ta yi. Takarda biyu, magana ɗaya, suka duba ni suka duba ka, suka ɗauke ka. Ni ne ban yi ba." Ya kauce wa wani rami. Ya ce, "Sun fi mu sani. Wa zai kai direban raksha gaban Turawa?"

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa masa gaskiya. Kalma nawa ce? Yaya, taka ba ta je ba. Bakina a rufe, ina kallon ƙeyarsa, wadda na fi sani a jikinsa saboda hotuna. Ya ci gaba ya ce, "Ka saurare ni. Kada ka je ofishin nan ka buɗe baki, ka ji ko? Ɗakina ya riga ya faɗi, kada ya faɗi a banza. Ka tafi ka dawo mana da injin. Kuma daga baɗi kai za ka riƙa kira, tunda kai aka sani. Ni halas, na gaji." Muka iso Kasuwar Libiya ya taka birki ya ce, "Sauka, Ra'is." Kafin wannan, shi kaɗai ne bai sake kirana haka ba tun ranar Juma'ar. Na sauka na buɗe teburina na canza wa wata mata gilashin waya.

Yanzu saura kwana tara jirgi ya tashi. In na je na gaya wa Ustaza, na san ba Haruna za su ba ba. Ba shi da fasfo, lokaci ya ƙure, kuma ta taɓa ce min akwai masu jira a layi. Inji ya tafi, za su janye bidiyon da suka ɗauka, kuma abin da maza ashirin suka yi shiru a kai, har aka rasa ɗaki saboda shi, ni zan kwashe shi da hannuna in kai wa baƙin har ofis. In kuma na tafi, wata uku zan yi ina tsayawa a gaban mutane ina ba da labarin wani da sunana. An ce garin da za a kai ni ma ambaliya ke damunsu, shi ya sa suka zaɓa min shi. Ranar da suka ce nuna mana, me zan nuna? Gidan wa zan aika wa ruwa a can? In na dawo, ƙofar wa zan tsaya a buɗe min?

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma ban faɗa wa kowa ba sai ku: har yanzu ina son tafiyar. Na sayi jaka. Ina cin abinci, ina barci lafiya. Ina sallah, in ɗaga hannu in ce astagfirullah, in ji kamar lambar waya nake karantawa. Mutumin da ya yi nadama haka yake ji? Ko zuciyata ce ta mutu ban sani ba? Waɗanda suka san addini su faɗa min, da waɗanda suka taɓa cin amanar na jikinsu. In fasa, in tafi, ko in bar shi ya zaɓa, bayan shi ya riga ya zaɓa a kan ƙarya? Me zan yi?

Abu ɗaya na yi. Jiya bayan la'asar na shiga bayan shagon wani na tura masa saƙon murya, don mu ba ma rubuta wa juna Hausa. Alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba har yanzu da nake rubuta muku. Ga abin da na ce:

"Yaya Haruna, salamu alaikum. Ni ne. Kada ka kashe, gajere ne. Abin da ka faɗa a raksha ba haka ba ne. Ba takarda biyu ba ce. Ɗaya ce ta je, taka ce, na goge sunanka na sa nawa. Da sunanka ban taɓa tura komai ba. Ba wanda ya duba ka ya ƙi ka, Yaya. Duk cikin waɗanda suka nema kai suka zaɓa, sunanka ne kawai ba su sani ba. Fasfon yana wurina. Ranar Lahadi ofishin yana buɗe. In ka ce mu je tare, zan faɗa musu da bakina kana tsaye. In ka ce in tafi, to ka faɗa yanzu da ka san gaskiya. Ban ce ka yafe min ba. Kawai kada ka daina kira saboda ni. Shi ke nan. Ka gaida Hajja."